Manhajar nuna hanya: Me ke faruwa idan dukkan direbobi suka bi shawara ɗaya?

Leonia ƙaramin gari ne a jihar New Jersey ta Amurka, mai mutum kimanin 9,000. Yana daf da Gadar George Washington, wadda ake bi a shiga birnin New York, kuma tana cikin gadojin da suka fi ɗaukar motoci a duniya. Shekara da shekaru, idan babbar hanyar zuwa gadar ta cushe, 'yan gari da tsofaffin direbobi ne kawai suka san yadda ake ratsawa ta cikin unguwannin Leonia a ɓulla gaba. Da manhajojin nuna hanya irin su Waze da Google Maps suka shiga wayar kowa, sai asirin ya tonu. Layukan da a da yara ke wasa a kansu suka cika da baƙin motoci, har ta kai wasu mazauna garin na shan wahalar fito da motarsu daga gida da safe.

A watan Janairun 2018, hukumomin garin suka hana baƙi bin layuka kusan 60 a lokutan tafiya aiki da tashi daga aiki. Aka raba wa mazauna wata alama mai ruwan ɗorawa da za su rataya a mota, aka kuma yanka tarar dala 200 ga wanda ya karya doka. Shekarar ba ta ƙare ba sai da kotu ta soke dokar, bisa hujjar cewa garin bai nemi amincewar hukumar sufuri ta jiha ba.

Abin da ya sami Leonia bai zo wa masana zirga-zirga da mamaki ba. Tun kusan shekara 30 kafin nan suke gina birane a cikin kwamfuta, suna zuba musu motocin ƙarya, domin amsa tambaya guda: idan aka riƙa gaya wa direba halin da hanya ke ciki a daidai lokacin da yake tuƙi, cunkoso zai ragu ko kuwa wuri kawai zai sauya? Amsar da suka samu ta shafi duk wani birni da direbobinsa suka fara ɗora waya a gaban sitiyari.

Yadda waya ke sanin akwai cunkoso

Jan layin da ke bayyana a taswirar waya daga wayoyin jama'a yake fitowa. Duk wayar da aka buɗe mata damar sanin wuri tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS, ta gane inda take, sannan ta aika wa kamfanin manhajar. Idan wayoyi da yawa a kan titi ɗaya suna tafiyar hawainiya, kwamfutar kamfanin sai ta ɗauka titin ya cushe, ta shafa masa ja, ta fara karkatar da masu zuwa.

Wani mai fasahar zane a Jamus, Simon Weckert, ya nuna iyakar wannan dabara a bidiyon da ya fitar a watan Fabrairun 2020. Ya zuba wayoyi 99 a cikin ƙaramin kura, ya buɗe Google Maps a kowacce, ya riƙa jan kayansa a ƙafa a titunan Berlin. Titunan da babu kowa a kansu sai suka koma ja a taswira.

Waze, wadda aka kafa a Isra'ila a 2008 kuma Google ya saye ta a 2013 a kan kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya, ta ƙara da rahoton da direbobi ke turawa da kansu: hatsari, rami, motar da ta lalace, hanyar da aka rufe. Daga waɗannan bayanai ne manhaja ke ƙiyasta mintin da kowane yanki na titi zai ci, ta haɗa lissafi, ta zaɓo wa mai waya hanyar da ta fi sauri a gare shi shi kaɗai. A wannan “shi kaɗai” ɗin matsalar take.

Tun kafin wayar zamani

Tunanin yi wa direba jagora ya girmi wayar hannu. Amurka ta gwada wani tsari a ƙarshen shekarun 1960, inda na'urorin da aka kafa a mahaɗar tituna ke magana da na'urar cikin mota. Japan ta yi nata gwajin a Tokyo daga 1973 zuwa 1979. A ƙarshen shekarun 1980 aka gwada wani a Berlin ta Yamma. A 1996 Japan ta ƙaddamar da tsarin VICS, wanda ke aika bayanan cunkoso kai tsaye zuwa allon cikin mota. A watan Mayun 2000 kuma gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon GPS da farar hula ke samu, abin da ya sa na'urar hannu ta fara gane wuri da kuskuren 'yan mitoci kawai.

Gwajin TravTek da aka yi a birnin Orlando na jihar Florida daga 1992 zuwa 1993 ya fito da ainihin dalilin da ya sa ake buƙatar kwamfuta. Motoci 100 aka saka wa na'urar jagora. Motoci 100 a birni guda kamar ɗigon ruwa ne a tafki: ko duk sun karkata zuwa titi ɗaya, ba za su cika shi ba. Direbobinsu za su iya cin riba, amma wannan bai nuna abin da zai faru idan rabin motocin birnin suka samu na'urar ba. Babu kuma hukumar da za ta raba wa dubban ɗaruruwan mutane na'ura don gwaji kawai. Saboda haka masu binciken suka ɗauki abin da suka koya daga motoci 100, suka zuba a kwaikwayon kwamfuta, suka riƙa ƙara yawan masu na'urar suna kallon sakamako.

Yadda ake gina birni a cikin kwamfuta

Kwaikwayon zirga-zirga yana buƙatar abubuwa huɗu. Na farko taswira: kowane titi da tsawonsa da yawan sahunsa, kowace mahaɗa da shataletale da lokutan da danjarta ke ba da hannu. Na biyu lissafin tafiye-tafiye: mutum nawa ke tashi daga wace unguwa zuwa wace, da ƙarfe nawa. Na uku dokar yadda motoci ke gudana. Na huɗu, wanda ya fi wuya, halin direba: yaushe yake yarda da shawarar waya, yaushe yake watsi da ita.

A wajen gudanar motoci, akwai masu kallonsu kamar ruwa a cikin bututu. Wannan hanya ta samo asali daga aikin Michael Lighthill da Gerald Whitham na Birtaniya a 1955, da na Paul Richards a 1956. Akwai kuma masu bin kowace mota ɗaya bayan ɗaya, da tazarar da take bari, da yadda take taka birki da sauya sahu. Manhajar SUMO, wadda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta fara ginawa a 2001 kuma kowa na iya sauke ta kyauta, irin wannan ce. Tsakanin biyun akwai irin su DYNASMART da DynaMIT, waɗanda aka gina a jami'o'in Amurka musamman don nazarin jagorar direbobi.

Duk waɗannan hanyoyi sun haɗu a kan gaskiya guda: titi yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma da zarar an kusanci iyakar, jinkiri yana hauhawa ne da gaggawa. Sahu ɗaya na titi mai kyau yana wuce da motoci kimanin 1,800 zuwa 2,000 a awa, wato mota ɗaya a duk daƙiƙa biyu. Wani tsohon ma'auni da hukumar hanyoyin Amurka ta fitar a 1964, wanda injiniyoyi ke amfani da shi har yau, ya nuna cewa titin da ake gamawa cikin minti 10 idan babu kowa zai ci minti 11 da rabi idan ya cika daidai iyakarsa. Idan motocin suka ninka iyakar sau biyu, sai ya ci minti 34.

Ba kuma sai an yi hatsari ake samun cunkoso ba. A wani gwaji da Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka wallafa a Japan a 2008, an jera motoci 22 a da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya yi ta tafiya a gudun kilomita 30 a awa. Ba a daɗe ba wasu suka fara tsayawa cik, ba tare da wani shinge a gabansu ba. Ɗan taka birkin mutum ɗaya ne ke girma yana komawa baya har ya tsayar da na can ƙarshe. Ma'anar wannan ga manhajar nuna hanya ita ce, 'yan motoci kaɗan da ta ƙara wa titin da ya kusa cika sun isa su birkita shi.

Lissafin da ya ce sabuwar hanya na iya ƙara jinkiri

A 1952 wani masani ɗan Birtaniya, John Wardrop, ya bambance yanayi biyu. A na farko, kowane direba yana zaɓar hanyar da ta fi masa sauri, har a kai matsayin da babu wanda zai ci riba idan ya sauya. A na biyu, ana raba motocin ne ta yadda jimillar lokacin da kowa da kowa ya ɓata zai zama mafi ƙanƙanta. Yanayin biyu ba safai suke zama ɗaya ba.

A 1968 Dietrich Braess, masanin lissafi ɗan Jamus, ya nuna abin da ya fi haka ɗaure kai: ƙara sabuwar hanya na iya jawo wa kowa ƙarin jinkiri. Ga misali. A ce motoci 3,000 ne ke tashi daga wata unguwa zuwa kasuwa kowace safiya, kuma hanyoyi biyu ne. Hanyar gabas tana farawa da siririyar gada, sannan ta hau faffaɗan titi. Hanyar yamma tana farawa da faffaɗan titi, ta ƙare da siririyar gada. Faffaɗan titi minti 35 yake ci komai yawan motoci. Gada kuwa tana cin minti ɗaya a kan kowace mota 100 da ta hau ta. Motocin za su rabu biyu, 1,500 kowane ɓangare, kowa ya ɓata minti 15 a gada da 35 a titi. Jimilla minti 50.

Sai a buɗe wani gajeren yanke da ya haɗa ƙarshen gadar farko da bakin gada ta biyu. Direban da ya fara gano shi zai yi minti 15 da 15, ya isa kasuwa cikin rabin awa. Labari zai bazu. Ranar da duk motocin 3,000 suka koma yanken, kowace gada za ta ci minti 30, tafiya ta zama minti 60. Babu kuma wanda zai yarda ya koma tsohuwar hanya shi kaɗai, domin a lokacin za ta ci masa minti 65. Kowa ya yi abin da hankali ya ba shi, kowa kuma ya yi asarar minti 10 a kullum.

An ga alamun akasin wannan a zahiri. Ranar 22 ga Afrilun 1990 aka rufe Titi na 42 a New York don bikin Ranar Duniya, ana fargabar gari zai tsaya cik, amma hakan bai faru ba. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, an fara rushe wata gadar sama a 2003, wadda motoci fiye da 160,000 ke bin ta da titin ƙarƙashinta a kullum, aka farfaɗo da rafin Cheonggyecheon da ke binne a wurin. Birnin bai shiga rikicin da aka yi hasashe ba, ko da yake an haɗa aikin da gagarumin gyaran tsarin motocin bas a 2004.

Alaƙar wannan da wayar direba a fili take. Layin unguwar da baƙo bai san da shi ba, a lissafi kamar babu shi ne. Ranar da manhaja ta nuna wa dubban mutane shi, ta buɗe sabon yanke ke nan ba tare da an zuba kwalta ko an nemi izinin kowa ba.

Abin da kwaikwayon ya nuna

A 1991 an wallafa bincike da dama da suka zama tushen wannan fanni. Moshe Ben-Akiva da André de Palma da Isam Kaysi sun lissafa illoli uku da bayanin nan-take zai iya haifarwa. Ta farko, bayanai su yi wa direba yawa har ya kasa yanke shawara mai kyau. Ta biyu, wuce gona da iri: a ce hanyar gabas ta cushe, sai kowa ya kwarara yamma, yamma ta cushe, gabas ta zama wayam. Ta uku, tattaruwa wuri guda: a da jahilcin hanya da bambancin ra'ayi ne ke warwatsa direbobi, amma idan kowa na kallon taswira ɗaya, sai kowa ya zaɓi hanya ɗaya.

A shekarar ce kuma Hani Mahmassani da R. Jayakrishnan suka kwaikwayi wasu manyan hanyoyi da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa zuwa tsakiyar birni. Suka riƙa sauya abubuwa biyu: yawan direbobin da ke samun bayani, da kuma girman ribar da za ta sa direba ya bar hanyarsa. Sun gano cewa idan masu bayanin 'yan kaɗan ne, suna cin riba sosai, har ma su rage wa sauran nauyi. Yayin da suke ƙaruwa, ribar tana raguwa. Idan kuma suka yi yawa, kuma kowa na sauya hanya a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba, lamarin na iya fin na rashin bayanin muni. Sakamako ya fi kyau idan direba ba ya motsawa sai ribar ta kai ta kawo. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Ko da aka gwada da mutane na gaske, an ga irin wannan kai-komo. Reinhard Selten, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1994, da abokan aikinsa sun zaunar da mutum 18 a gaban kwamfuta a Jamus, kowa na zaɓa tsakanin babbar hanya da ƙaramar hanya har sau 200. A matsakaici sun rabu kusan yadda lissafin Wardrop ya ce, amma daga zagaye zuwa zagaye ba su daina tururuwa daga wannan hanya zuwa waccan ba har aka tashi. Gaya musu halin da ɗaya hanyar ke ciki ya rage kai-komon, bai kashe shi ba.

Hasashen da ke ƙaryata kansa

Mai hasashen yanayi idan ya ce za a yi ruwa, ɗaukar lema ba ta hana ruwan sauka. Hasashen cunkoso ba haka yake ba. Idan aka ce titi kaza zai cushe nan da minti 20, kuma jama'a suka yarda suka kauce masa, to ba zai cushe ba, hasashen ya zama ƙarya. Idan aka ce wani titin a buɗe yake, jama'a suka nufe shi, kafin su isa ya cika.

Akwai kuma tazarar lokaci. Abin da waya ke nunawa labarin motocin da suka riga suka wuce ne, shi kuma direba sai nan da minti 10 ko 15 zai isa wurin. Shi ya sa masu gina tsare-tsare irin su DynaMIT suka ɗauki wata dabara: kwamfuta ta yi hasashe, ta tsara shawara, ta kwaikwayi yadda direbobi za su amsa shawarar, ta duba ko hasashen ya tsaya, idan bai tsaya ba ta gyara ta sake. Haka za ta yi ta zagayawa har a samu shawarar da ko an bi ta za ta ci gaba da zama gaskiya.

Wannan ya fi sauƙi idan mai ba da shawarar ɗaya ne. A titin yau, kamfanoni daban-daban ne ke jagorantar motocin da ke jere da juna, babu wanda ke gaya wa ɗan'uwansa inda ya tura nasa, kuma hukumar da ke sarrafa danja ba ta san shirin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Nawa ne kuɗin kowa-tasa-ta-fisshe-shi?

Masana sun yi ƙoƙarin auna asarar da ake yi idan kowa ya bi son ransa. A 2002 Tim Roughgarden da Éva Tardos suka tabbatar da lissafi cewa, idan jinkiri yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar motoci, asarar ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku a kan mafi kyawun rabo ba. Wani bincike na 2008 a kan wasu hanyoyin Boston da New York da Landan ya samu asarar da ke kaiwa kashi 24 zuwa 30 cikin 100 a lokacin da ta fi tsanani. A 2016 kuma Serdar Çolak da Antonio Lima da Marta González suka yi amfani da bayanan wayoyin salula a Boston da yankin San Francisco da Rio de Janeiro da Lisbon da Porto, suka ƙiyasta cewa kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na lokacin da cunkoso ke cinyewa son kai wajen zaɓen hanya ne ke jawo shi.

Alƙaluman suna da fuska biyu. Kashi 30 ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikacin da ke kashe awa biyu a hanya. Amma sun kuma nuna cewa ko da an raba motoci yadda ya fi dacewa, mafi yawan cunkoson yana nan, domin tushensa yawan motoci ne a lokaci guda.

Sannan rabon da ya fi amfanar jama'a yana buƙatar a tura wasu ta doguwar hanya domin wasu su samu sarari. Wa zai yarda ya zama shi? Direban da ya gano manhajarsa tana sadaukar da shi zai goge ta ya sauke wata. Wannan ne ya sa wasu masu bincike ke ba da shawarar a rarraba motoci a kan hanyoyin da tazarar lokacinsu ba ta da yawa, ta yadda babu wanda zai ji an cuce shi.

Waɗanda lissafin bai gani ba

Manhajar da ke ƙirga minti ba ta ƙirga makarantar firamaren da ke bakin layi, ko tsohon da ke son tsallakawa, ko hayaƙin da ke shiga ɗakunan mutane. A Los Angeles, mazauna Titin Baxter, ɗaya daga cikin tituna mafiya gangare a birnin, sun yi ta kokawa da baƙin direbobin da waya ke turowa, har hukumomi suka mayar da wani sashe nasa hannu ɗaya a 2018. A watan Disamban 2017, lokacin da gobarar daji ta tashi a birnin, 'yan sanda sun gargaɗi jama'a cewa manhajoji na tura mutane unguwannin da wuta ke ci, saboda titunan sun zama wayam a taswira. A watan Yunin 2019, direbobi kusan 100 da ke gudun wani hatsari a hanyar filin jirgin saman Denver suka bi shawarar waya zuwa wata hanyar ƙasa, wasunsu suka maƙale a taɓo, suka tare sauran.

Birane sun fara mayar da martani. Tun 2014 Waze ta buɗe shirin musayar bayanai da hukumomi, inda suke sanar da ita hanyoyin da aka rufe, ita kuma ta ba su rahoton cunkoso. Faransa ta fitar da doka a watan Agustan 2022 da ta buƙaci manhajojin su yi la'akari da matsayin kowane titi, su guji kwararar da motoci a ƙananan hanyoyin da ba a gina don wucewa ba. Wasu biranen kuma tun tuni suka bi ta aljihu: Singapore ta fara cajin motoci ta na'ura a 1998, Landan ta sa kuɗin shiga tsakiyar birni a 2003, Stockholm ta tabbatar da nata a 2007.

Ina Kano da Abuja da Legas?

Manhajojin sun riga sun iso. A watan Yulin 2019 Google ya ƙara wa taswirarsa murya mai lafazin Najeriya, da jagorar masu babur, da bayanin hanyoyin motocin danfo a Legas. Direbobin Bolt da Uber da masu kai saƙo a kan babur da waya suke aiki. Mai fita daga Mararaba zuwa cikin Abuja da sassafe, ko mai neman kauce wa cunkoson Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, yana iya duba waya kafin ya tayar da mota.

Sai dai yawancin kwaikwayon da aka ambata an gina su ne a kan titin da kowa ke tsayawa a sahunsa. A Kano, ɗan Adaidaita Sahu yana tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, 'yan tireda da masu tura baro suna cin gefen titi, ana rufe wasu hanyoyi lokacin sallar Juma'a, ruwan sama kuma na iya raba unguwa da titi cikin awa guda. Iyakar abin da irin wannan titi zai ɗauka ba ta cikin littafin injiniyan Jamus ko na Amurka. Sai an tsaya a bakin titin an ƙirga. Haka kuma taswirar tana ganin masu babbar waya da data ne kawai, don haka tana iya nuna kore a inda kekuna da babura suka cushe.

Wannan aiki ne da sassan injiniya da na kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha za su iya yi tare da hukumomi irin su KAROTA da LASTMA, tunda manhajar kwaikwayon kyauta ce. Abin da ake buƙata shi ne ƙidayar motoci a manyan mahaɗu, da taswirar da ta bambance titin wucewa da layin unguwa, da kuma hanyar sanar da kamfanonin duk lokacin da aka rufe titi. Da irin wannan kwaikwayo za a iya gwada sabuwar gadar sama ko sabon yanke a cikin kwamfuta kafin a kashe biliyoyin naira a kai.

Binciken ya kuma nuna cewa lokacin yin wannan shiri shi ne tun masu bin waya ba su yi yawa ba, sa'ad da ribar ke bayyane kuma illar ba ta fito ba. Ga direba kuwa, abin da kwaikwayon 1991 ya gano bai tsufa ba: idan waya ta ce a bar babban titi a kutsa cikin unguwa don ribar minti biyu, akwai yiwuwar ta faɗa wa na gaba da na baya haka, kuma kafin a kai ƙarshen layin ribar ta ƙare.